Ku Tambayi Injiniya: Me Ya Sa Ƙarfen Dogo Ke Tsagewa a Hannun Maƙeri?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu huɗu na wannan wata duk daga Zamfara suka fito, kuma duk a kan ƙarfen layin dogo suke, don haka na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambaya a kan injin markaɗe da famfon sola su yi mini haƙuri zuwa wata mai kamawa, in Allah ya kai mu.

TAMBAYA, daga wani maƙeri a Ƙaura Namoda: Injiniya, barka da aiki. Uwar maƙerata guntun ƙarfen dogo ce da na gada wajen mahaifina, Allah ya jiƙansa. Tun ina yaro take shan masaba, har yau ba ta lotsa ba. Ganin haka sai na yanki wani ɗan guntu da ya bari, na ƙera gatari, na tsoma shi a ruwa kamar yadda muka saba. Ina tsomawa na ji ƙas, na ɗago na ga ya tsage daga baki har kusa da ƙota. Na sake wani, shi bai tsage a ruwa ba, amma saran farko bakinsa ya ɓalle. Shin ƙarfen ne maras kyau, ko ni ne ban iya masa ba?

AMSA: Amin, Allah ya jiƙan magabata. Malam, ƙarfenka mai kyau ne, hannunka kuma ba shi da laifi. Ruwan ne ya yi masa yawa. Bari in ɗan tsawaita a nan, domin amsarka ita ce ginshiƙin sauran tambayoyin uku.

Abin da ke bambanta ƙarfe da ƙarfe, kafin komai, shi ne yawan sinadarin kabon da ke cikinsa, wato ainihin abin da gawayinka ya ƙunsa. Ƙarfen da ake yin ƙofa da taga da shi kabon ɗinsa bai cika wuce kashi 0.2 cikin 100 ba. Shi ko ka gasa shi ya yi ja ka jefa a randa, ba wani taurin kirki da zai yi, ba kuma zai tsage ba. Ƙarfen dogo na zamani yana ɗauke da kabon tsakanin kashi 0.6 zuwa 0.8, ga sinadarin manganis wajen kashi 1, ga ɗan sinadarin silikon. Tsofaffin da aka shimfiɗa zamanin Turawa, irin na layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso garinku a 1929, kabon ɗinsu ya ɗan gaza haka, amma duk da haka ya ninka na ƙarfen ƙofa.

In ka zuga wuta ƙarfen nan ya wuce digiri 727 na ma'aunin Salshiyas, wato ya yi ja sosai, tsarin cikinsa yana sauyawa duk da bai narke ba. Kabon ɗin yana bazuwa ko'ina a jikinsa daidai wa daida. Masana suna kiran wannan yanayi ostinayit. Daga nan abin da ƙarfen zai zama ya rataya ne a kan saurin hucewarsa. In ya huce a hankali cikin iska, kabon yana samun sukunin tattaruwa. Sai ya jeru layi-layi: siririn layi na ƙarfe mai laushi, siririn layi na wani haɗi mai tsananin tauri na ƙarfe da kabon, haka bi da bi. Wannan shi ne falayit. Da za ka goge fuskar uwar maƙerarka ta yi sheƙi, a ɗiga mata ɗan asid, a sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, da ka ga abin kamar zanen saƙi, fari da baƙi a jere. Kuma kamar saƙin, iya matsuwar zaren iya ƙarkonsa. Layin mai tauri shi ke hana masaba lotsa ta, mai laushin shi ke shanye dukan ya hana ta fashewa. Abin da ya sa ta kai wa mahaifinka, ta kai maka, ke nan.

Amma in ka tsoma shi a ruwa yana ja, hucewar tana zuwa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kabon bai samu ya matsa ko'ina ba, ya maƙale inda yake, ya takure tsarin ƙarfen. Abin da ke fitowa ana ce masa matinsayit. Taurinsa ya ninka na falayit fiye da sau biyu, magagari ma zamewa yake a kansa, amma ba ya lanƙwasa ko kaɗan, sai dai ya karye. Wani abin kuma, matinsayit yana ɗan kumbura sa'ad da yake samuwa, wajen kashi 4 cikin 100 na girmansa. Bayan gatarin da siririn bakinsa su suka fara sanyi, suka taurare suka daskare. Cikin mai kauri ya biyo baya, ya zo zai kumbura ya tarar an riga an ɗaure shi ta waje. Ƙarar da ka ji ita ce ta wannan ja-in-ja. Manganis ɗin da ke ciki shi ya ƙara tsananta abin, domin aikinsa ne ya sa ƙarfe ya taurare har can ciki ko da sanyin bai yi sauri ba. Ƙarfen da mai ma ya ishe shi, kai kuma ka ba shi ruwan sanyi.

Ga yadda za ka yi. Da farko ka goge saman da ƙafar jirgi ta daɗe tana bi, domin tsohon dogo yakan ɓoye ƙananan tsaga a nan, kuma kowace ƙaramar tsaga a wuta babba ce a ruwa. Wajen ƙira kada ka bari ya kai fari yana tartsatsi, kada kuma ka ci gaba da dukansa bayan jan ya dushe. In ka gama siffanta shi, ka mayar wuta ya yi ja, ka ajiye gefe ya huce da kansa a iska, don gajiyar duka ta sake shi. Sannan ka nemi mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ya wadatar. Ka riƙa gasa bakin gatarin kana kai masa mayen. Wajen digiri 770 mayen zai daina kamawa. Ka ƙara masa wuta kaɗan bayan haka, ba da yawa ba, sai ka tsoma a mai mai ɗumi, kana motsa shi sama da ƙasa. Man gyaɗa yana yi. Baƙin man mota ma yana yi, sai dai hayaƙinsa yana cutar da ƙirji. Ko wanne ka zaɓa, ka sa shi a garwar ƙarfe mai murfi, a fili, domin yana iya kamawa da wuta.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda gatarinka na biyu ya rasa. Kada ka bar shi ya kwana da wannan taurin. Nan take ka goge bakin da dutse ya yi haske, ka ɗora gindin a kan garwashi, ka zuba ido. Launi zai taso daga gindi yana tafiya wajen baki: rawaya mai haske wajen digiri 220, sai ruwan ƙasa, sai shunayya wajen 280, sai shuɗi wajen 300. Wuƙa da aska rawaya suke so. Gatari da zai sha sara a icen ƙirya, ka bari bakin ya kai tsakanin ruwan ƙasa da shunayya, sai ka tsoma ka tsayar da shi. Ka rage masa ɗan tauri, ka saya masa juriya. Na san dattawan maƙeranmu da yawa suna wannan da ido, tun kafin wani ya sa wa launukan lamba.

Uwar maƙerar kuwa, ina roƙonka kada ka taɓa kai ta wuta da niyyar ƙara mata tauri. Yadda take ɗin nan ita ce daidai.

TAMBAYA, daga wani ɗalibin injiniyanci a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda: Malam, a karatunmu na ga ana rubuta R260 da R350HT a kan ƙarfen dogo. Mene ne bambancinsu? Kuma tunda tsomawa a ruwa tana ba da tauri mafi yawa, me ya sa ba a yi wa dogo haka don ya daina cinyewa?

AMSA: Ɗana, ka fara da tunanin abin da dogo ke ɗauka. Ƙafar tarago ɗaya tana iya sauke tan 10 ko fiye a kansa, kuma wurin da ƙafar ke taɓa dogon bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba, wajen santimita murabba'i ɗaya. Ka yi lissafin da kanka, za ka samu kusan megafaskal 1,000 a ma'aunin matsi. Ƙarfen ƙofa a ƙarƙashin wannan nauyi bajewa zai yi. To amma dogon ba danna shi kaɗai ake yi ba. Tsakanin matashi da matashi, wato katako ko kankaren da ake ɗora dogon a kai, yana lanƙwasawa ƙasa ya dawo duk lokacin da ƙafa ta wuce, sau miliyoyi a rayuwarsa, ga dukan ƙafar da ta yi gefe, ga sanyin asuba, ga zafin azahar. Ƙarfen da za a ba wannan aiki dole ya haɗa tauri da juriya. Matinsayit yana da na farko, ba shi da na biyu. Shi ya sa ƙa'idar Turai ta ƙarfen dogo, EN 13674, ba ta yarda a ga matinsayit a kan waɗannan nau'o'i ba sam. Gatari in ya ɓalle asarar yini ɗaya ce. Dogo in ya ɓalle ƙarƙashin jirgin fasinja, jana'iza ce.

Lambobin da ka gani na taurin saman dogon ne a ma'aunin Birinel, wanda wani injiniya ɗan Suwidin, Johan August Brinell, ya fito da shi a 1900: a danna ƙwallo mai tauri a kan ƙarfe da sanannen nauyi, a auna faɗin ramin da ya bari. R260 taurinsa daga 260 zuwa 300 ne. Ba ya tsinkewa sai an ja shi da aƙalla megafaskal 880, wato wajen kilo 90 a kan kowace milimita murabba'i, kuma dole ya miƙe da aƙalla kashi 10 cikin 100 kafin ya rabu. Shi daga injin murzawa ake barinsa ya huce a iska. R350HT kuwa taurinsa 350 zuwa 390, ƙarfin jansa aƙalla megafaskal 1,175, miƙewarsa aƙalla kashi 9. Ka lura da wannan na ƙarshen: an ƙara tauri da kusan kashi ɗaya bisa uku, abin da aka rasa na miƙewa ɗan kaɗan ne. Abin da zai ba ka sha'awa, sinadaran da ke cikin su biyun kusan ɗaya ne. Bambancin duk a hucewa yake, kuma haruffan HT ɗin abin da suke nunawa ke nan, cewa an sarrafa shi da zafi.

Ana gasa curin ƙarfen zuwa wajen digiri 1,250, a bi da shi ta injinan murzawa har ya fito da siffarsa ta kai da wuya da ƙafa, tsawonsa a manyan masana'antu ya kai mita 100 ko 120. Yana fitowa, tun yana sama da digiri 727, sai a sanyaya kan da gangan. A Japan iska mai ƙarfi ake hura masa, a Ostiriya ana tsoma kan cikin wani ruwan haɗi da ba ya sanyayawa da gaggawa irin ta ruwa zalla, wasu kuma feshin ruwa da iska suke yi. Manufar ɗaya ce: a sauko da shi da sauri zuwa tsakanin digiri 500 da 600, sannan a saki, falayit ya samu a can ƙasa maimakon kusa da 700. Iya ƙasan zafin da falayit ya samu, iya sirancin layukansa. A dogon da ya huce da kansa, tazarar layi da layi na falayit takan kai wajen kashi 2 ko 3 cikin 10,000 na milimita. A wanda aka sarrafa, tana saukowa wajen kashi 1. Ƙofar kuwa ƙunci gare ta. In sanyin ya yi jinkiri ba a samu komai ba, in ya zarce an faɗa matinsayit, dogon ya zama na zubarwa. Ni a ganina duk fasahar ƙarfen dogo a wannan 'yar ƙofa take. Akwai masu ƙara sinadarin kuromiyam ko banadiyam don su sauƙaƙa shiga ta, kamar R370CrHT na Turai da U75V na Sin.

Ba ko'ina ake sa mai taurin ba, saboda tsada. A miƙaƙƙen layi R260 ya isa. A kwana, inda leɓen ƙafar jirgi ke gurzar gefen dogo, da layukan dakon tama masu nauyi, nan ne yake biyan kuɗinsa.

Kada ka ɗauka tauri ya kashe duk matsala. Dogon da ke cinyewa a hankali yana share ƙananan tsagar samansa da kansa. Wanda ba ya cinyewa yakan bar su su yi ta nitsewa. A Hatfil ta Ingila, ranar 17 ga Oktoban 2000, irin waɗannan tsaga na gajiya suka sa dogo ya tarwatse gutsure fiye da 300 a kan wata kwana, jirgi na gudun wajen kilomita 185 a awa, mutum huɗu suka rasu. An san da tsagar, ba a sauya dogon a kan lokaci ba. Don haka ake bin layi da injin gurza yana ɗebe 'yar fatar sama, ake kuma bin sa da na'urar sauti mai gano tsagar ciki.

Akwai kuma maƙiyin da ke shiga tun a tukunya, iskar haidurojin. In ta narke cikin ruwan ƙarfe, tana barin ƙananan fashewa a tsakiyar kan dogo, inda ido ba ya kai wa. Wannan ya karya dogo da yawa a Amurka a farkon ƙarni na 20. A shekarun 1930 aka gano cewa in an rufe sabon dogo ya huce sannu a hankali iskar tana fita. Yau tun ƙarfen na ruwa ake zuƙe ta, kuma ƙa'idar ba ta yarda ta wuce kashi 2.5 cikin miliyan ba a nau'o'in nan biyu.

Tunda kai ɗalibi ne, ga wanda ya saɓa wa duk abin da na faɗa. A mahaɗar layi, inda dogo ke gitta dogo ƙafar jirgi tana dukan tsini, ana amfani da ƙarfen da Robert Hadfield na Shafil ta Ingila ya ƙirƙiro a 1882, mai manganis kashi 11 zuwa 14 da kabon sama da kashi 1. Shi in an tsoma shi a ruwa daga wajen digiri 1,050 juriya yake yi, ba tauri ba, mayen ƙarfe ma ba ya kama shi. Duka ne ke taurara samansa, daga wajen 200 zuwa 500 a ma'aunin Birinel, cikinsa na nan da juriyarsa. In ka je wurin masu fasa dutse ka duba haƙoran injinsu, galibi shi ne.

Abin da ke ci mini rai, duk dogon da ake shimfiɗawa a ƙasar nan daga waje ake sayo shi, alhali tun 1979 aka ba da kwangilar masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, kuma dogo na cikin abin da aka tsara za ta riƙa murzawa. Ku da ke karatun nan ku riƙe shi da gaske, ko Allah zai sa a zamaninku a yi.

TAMBAYA, daga wata 'yar kasuwa a Gusau: Ina zuwa Abuja sarin kaya, wani lokaci nakan hau jirgi daga Kaduna. Na lura ba ya yawan ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas da na sani a jirgin da muke hawa zuwa Zariya muna yara. Wani ya ce mini haɗe dogon aka yi da walda, wai zafin rana zai iya lanƙwasa shi. Gaskiya ne?

AMSA: Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. Maganar tana da tushe, amma ba abin da zai hana ki hawa jirgi ba ne. Ƙarfe yana miƙewa da zafi. Kowace mita ɗaya tana ƙaruwa da wajen milimita 0.0115 a duk digiri ɗaya. Dogon da ke kwance a rana yakan fi iska zafi da kusan digiri 20, don haka ranar da Gusau ta kai 40 a watan Afrilu, shi yana wajen 60. Da asubar hunturu kuma ya sauko wajen 15. A wannan tazara ta digiri 45, sanda mai mita 12 tana ƙaruwa da wajen milimita 6. Tsohon layinmu sanda-sanda aka ɗaure shi da faranti da noti, aka bar 'yar kafa a kowane haɗi don wannan miƙewar. Faɗawar ƙafar jirgi a kafar ita ce ƙarar da kika sani. Mu da muka tashi kusa da tashar Gusau da ita muke gane tarago nawa jirgin gyaɗa ya jawo. Sai dai haɗin nan shi ne wurin da dogo ya fi lalacewa: bakin yana bajewa, tsaga tana tasowa daga ramin noti.

Layukan zamani galibi ana haɗe sandunan su zama ɗaya. Kilomita ɗaya da aka sake ta za ta ƙaru da fiye da rabin mita a wancan zafin, amma ba a sakin ta. Ana danne ta da maƙalai a kan matasan kankare masu nauyi, tsakuwa ta riƙe matasan. Miƙewar da aka hana sai ta koma matsi a cikin ƙarfen, kusan tan 2 a kowane digiri ga dogo mai kilo 60 a mita. Dabarar ita ce a ɗaure shi a wani zafi na tsaka-tsaki da aka lissafa don yankin, yadda matsin bazara ba zai kai ya ture shi gefe ba, jan hunturu kuma ba zai kai ya tsinka shi ba. Muddin maƙalan suna nan, tsakuwar tana nan, lafiya lau. Haɗarin yana zuwa ne sa'ad da ɓarayi suka kwance maƙalai, ko masu gini suka kwashe tsakuwa. Wanda ya cire maƙalai 50 ya sayar wa ɗan gwangwan, a ganinsa ɗan ƙarfe ya ɗauka, alhali ya saki tan da yawa a kan layin da mutane za su bi.

TAMBAYA, daga wani mai walda a Talatar Mafara: Oga, wani ya kawo mini sandunan dogo in yi masa ƙafafun tankin ruwa. Na yanka da gas, na yi walda da ilaktirod ɗin da nake aiki da shi kullum. Waldar ta yi kyau, amma washegari na tarar da tsaga a gefenta, ba wanda ya taɓa. Ina matsalar take?

AMSA: Ɗan'uwa, abin da ya sami gatarin maƙerin Ƙaura shi ya same ka, sai dai kai ba ruwa ne ya tsoma maka ba, dogon ne da kansa. Wutar walda tana gasa ɗan siririn wuri a gefen ɗinkin ya wuce digiri 727. Kana ɗaga hannu, sauran jikin sandar mai kauri da sanyi ya zuƙe zafin cikin daƙiƙu. Wannan ɗan wurin ya zama matinsayit. Ilaktirod ɗin kuma, musamman in ya sha danshi, yana zuba haidurojin a cikin ɗinkin. Iskar tana tafiya sannu a hankali ta taru a wurin mai tauri, ga ɗinkin yana ja yayin da yake sanyi. Shi ya sa tsagar ba ta fito a gabanka ba, sai cikin dare. Ka lura a gefen waldar ta fito, ba a tsakiyarta ba. Bakin da ka yanka da gas ma haka yake, ka gwada shi da magagari ka ji yadda zai zame. Saboda wannan ne a aikin reluwe aka hana huda ramin noti da wuta, sai da injin huji. Ko injin da ke jan jirgi, in ƙafarsa ta yi ta juyawa wuri ɗaya ba ta tafiya, gogayyar tana ƙona saman dogo ta bar tabon matinsayit, daga baya wurin ya ɓanɓare ko ya karye.

Masu gyaran dogo in za su yi masa walda ta lantarki sukan fara gasa wurin zuwa wajen digiri 350 ko 400, su yi aiki da ilaktirod maras haidurojin da aka busar a tanda, su rufe shi ya huce a hankali. Haɗa sanda da sanda kuwa ba da irin waldarku ake yi ba. Ko dai a manna bakunan biyu da lantarki mai ƙarfi har su yi laushi a matse su, ko a yi amfani da hanyar da Bajamushe Hans Goldschmidt ya fito da ita a shekarun 1890: a bar tazarar wajen milimita 25, a rufe da mazubi, a gasa bakunan, a kunna garin alminiyam da tsatsar ƙarfe a wata tukunya a sama. Haɗin yana kai wa wajen digiri 2,500, narkakken ƙarfe ya zubo ya cike tazarar. Ko a wannan, in dogon mai sarrafaffen kai ne, gefe da gefen haɗin yakan ɗan yi laushi, domin zafin ya warware abin da masana'anta ta yi.

Shawarata, kada ka ɗora tanki a kan waɗannan ƙafafu, ko da ka sake bin tsagar da walda. Tanki mai lita 5,000 tan 5 ne a sama da kan mutane, kuma irin wannan ƙarfe ba ya lanƙwasawa ya yi gargaɗi kafin ya karye. Ka sa mai aikin ya sayo ƙarfen gini na ainihi, wanda aka yi shi don walda.

Sannan ka tambaye shi inda ya samo sandunan. Dogo mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne ko da ciyawa ta rufe shi, kuma wanda ya saya ta halal yana da takardar gwanjo. In ba shi da ita, ka ce ya zo ya kwashe kayansa daga shagonka tun yau, domin in jami'an tsaro suka zo, wanda suka tarar da abin yanka a hannu shi za su fara tafiya da shi.